Uluna ya ƙare a tsakiyar shawul, wanda na ƙaro kuma launinsu bai zo ɗaya ba

Maman Khalifa, Samaru Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu tsinke da masu kwarashi. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri da ni, in ban ɗauko zancen daga tushe ba, ba za ku gane inda na maƙale ba.

Ƙanwar maigidana ce ke da tsohon ciki, na fari, ana sa ran za ta sauka farkon Janairu in Allah ya kai mu. Tsakiyar hunturu ke nan, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Zariya a wannan lokacin ya san sanyin asubarmu ba ya wasa. Yarinyar a hannuna ta yi sakandare, ni nake mata kitso har aka kai ta ɗakinta, shi ya sa na ce ba zan shiga kasuwa in ɗauko mata irin setin da mutum goma za su kawo ranar suna ba. Shawul zan saƙa mata da hannuna.

Cikin dogon hutu na je Kano biki, na ratsa kasuwar Sabon Gari na sayi ulu ƙulli shida, kowanne giram 50, ruwan madara, tunda ba mu san abin da Allah zai kawo ba. Mai shagon har ya ce min, "Hajiya ki cike takwas mana." Na ce a raina ciniki yake nema. To yau ga shi nan.

Tsinke mai igiya nake aiki da shi, lamba 4. Ido 198, wato madaukan zaren da ke jere a kan tsinke, na ɗora don faɗin ya ba ni santimita 90, tsawon ma haka nake so ya kai. Saƙar mai gida-gida ce kamar gindin kwando, babu rami ko ɗaya a jikinta. Kullum bayan isha'i, in na gama duba littattafan ɗalibai yara kuma sun kwanta, sai in yi layi uku ko huɗu. In an ɗauke wuta in jawo fitilar caji. Tun farkon Satumba nake wannan bautar, sai da na kai santimita 60 na zura hannu cikin leda na ji rabin ƙulli kawai ya rage.

Na gutsuro zaren kaɗan na aika wa ƙanena da ke karatu a Kano. Yaron ya yi ƙoƙari, shagon nan dai ya koma, kamfani ɗaya, kauri ɗaya, ya sayo ƙulli uku ya ba direba a tasha ya kawo min. Da daddare na haɗa su ƙarƙashin ƙwan lantarki, wallahi kamar an tsaga kara. Na ɗaura sabon na ci gaba, na ajiye ragowar tsohon don hula. Layi takwas na yi cikin dare biyu. Ranar Asabar da hantsi na fito da shi tsakar gida ina jiran wake ya dahu, sai ga iyaka ta fito ɓaro-ɓaro kamar ta gona. Tsohon ya fi karkata ga fari, sabon kuwa ya ɗebo rawaya-rawaya kamar man shanu. Baban Khalifa ya ce babu wanda zai lura. Mutumin da har yau shuɗi da kore duk ɗaya ne a wurinsa.

Takardar da ake naɗo ulun da ita kuwa, tun ranar farko na zubar, ban san tana da wani amfani ba.

Yanzu me zan yi? In warware duka in sayo sabon ulu in faro daga farko? Sati shida ko bakwai ya rage, ga jarrabawar ƙarshen zango na tafe. Ko in rufe ido in ci gaba a haka? Ko akwai dabarar da za a jiƙa shi launin ya daidaita?

Kuma ba shi kaɗai ba ne a wuyana. Ledoji uku ne rataye a bayan ƙofata. Akwai suwaitar Baban Khalifa, ruwan toka, da na fara hunturu biyu da suka wuce: gaba da baya sun haɗu, hannu ɗaya ya kammala, ɗayan yana nan ya tsaya a gwiwa. Ya daina tambaya, sai dai in sanyi ya shigo ya ce, "Allah ya jiƙan suwaita." Akwai safar Innata da take so saboda tashin dare, saura ƙafa ɗaya. Na lura duk abin da yake zuwa bibbiyu shi ne ke kayar da ni. Sai hular Khalifa, ina ƙara mata tsawo kansa na ƙara girma.

Tambaya ta biyu ita ce ma ta fi ci min rai. Bara waccan facalata ta haihu, na yi mata ɗan bargo na kwarashi mai fure-fure, sati biyar ina kansa. Ranar suna ta karɓa ta yi godiya, aka cusa shi cikin tulin atamfofi da sabulai. A nan wurin na ji wata tana ce wa ta kusa da ita, "Ai ita ta huta da kashe kuɗi." Alhali kuɗin zaren kaɗai da ya saya min turmin atamfa. Ban taɓa ganin bargon a jikin yaron ba. Da ƙaramar Sallah na shiga ɗakinta gaisuwa, sai ga bargona an lulluɓe talabijin da shi. Ban ce uffan ba, amma tuwon ranar da ƙyar ya wuce. Ku da kuke kyautar saƙa, haka ake muku ko ni ce ban iya zaɓen wanda zan yi wa ba?

Kakar 'Yan Biyu, Anguwan Rogo Jos

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki kuskura ki warware santimita 60. Wanda duk ya ce ki warware, miƙa masa tsinken ya zauna ya yi.

Abin da ya same ki ya sami kowace mai saƙa, ni ya same ni ba sau ɗaya ba. Ulu a masana'anta kashi-kashi ake rina shi, kamar yadda ake yi a karofi. Ki je marinar Ƙofar Mata ki ba da zane biyu, a tsoma ɗaya yau ɗaya bayan wata guda, ki ga ko shuɗinsu zai zo ɗaya. Shi ya sa takardar nan da kika zubar take ɗauke da lamba biyu. Ɗaya ta launi ce, ba ta canjawa. Ɗayar, wadda suke rubuta Lot a gabanta, ta kashin rinin ce. In ta biyun ta saɓa, to launin ma zai iya saɓawa, kuma farare-farare irin ruwan madara da ruwan hoda su suka fi tona asiri. Jiƙawa ba za ta yi miki komai ba. Ulun kasuwarmu yawancinsa na roba ne, akirilik, launinsa ya riga ya zauna. Kada kuma wani ya ce ki tsoma a ruwan shayi ko ki sa bilic, ɓata shi kawai za ki yi.

Da bambancin kaɗan ne, wanda sai an ƙura ido, da sai in ce ki riƙa layi biyu da tsohon, layi biyu da sabon, har rabin ƙullin nan ya ƙare, ido ba zai kama inda aka sauya ba. Amma yadda kika kwatanta, fari da man shanu, wannan ba zai ɓuya ba. Abin da ba ya ɓuya kuwa fito da shi ake yi fili a mai da shi ado.

Ga yadda za ki yi. Warware layi takwas ɗin nan kawai, ki koma inda tsohon ulu ya tsaya. Samo ƙulli ɗaya na wani launi dabam sarai, ruwan toka mai haske ko ruwan ganye, kaurinsa daidai da naki. Yi masa ratsi na santimita 3, saƙar gaba zalla, kowane layi gaba, babu baya. Daga nan ki ɗaura sabon ruwan madarar ki yi santimita 12 da saƙarki ta kwando, ki rufe. Sai ki juyo shawul ɗin ta gindi, inda kika fara a Satumba, ki tsinto idanun da tsinkenki ɗaya bayan ɗaya, ki yi masa irin abin da kika yi a sama: ratsi 3, sabon ulu 12. Ki lissafa: 60 a tsakiya, 15 nan, 15 can, santimita 90 ɗinki ta cika. Launukan biyu ba za su ƙara haɗa kafaɗa ba, ratsin ya shiga tsakaninsu, kuma tunda kai da gindi sun zo iri ɗaya, duk wanda ya gani zai ce da gangan kika tsara. In kin tsinto idon kika ga ya zo 197, kada ki tayar da hankalinki, haka yake yi, ƙara ɗaya a gefe.

Ƙulli ukunki zai isa har da saura. Na lissafa daga maganarki: biyar da rabi ya ba ki 60, kowane ƙulli santimita 11 ke nan. Wannan lissafin shi ya kamata ki yi tun ranar da ƙullin farko ya ƙare. Da kin ɗora tef kin ga 11, da tun Satumba kin san takwas da ɗoriya kike bukata, lokacin kuwa wataƙila 'yan uwan ulunki suna nan a shagon. Mai shago ya faɗa miki gaskiya, ki nemi gafararsa a zuci.

Ni na koyi saƙa tun ina budurwa, don a Jos ba ado ba ce, larura ce. Garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, jariri ba ya kwana babu hula a Disamba. A babbar kasuwar Terminus muke sayen ulu kafin gobarar 2002, shago bayan shago, ki zaɓa ki darje. Yanzu in ina son na gashin tumaki na ainihi, kasuwar Katako nake zuwa wurin 'yan gwanjo in zaɓo suwaitar maza babba in warware. Sai dai a duba ɗinkin gefe ta ciki. In kamar sarƙa yake, yanki-yanki aka saƙa aka haɗa, zare zai fito dogo. In kuwa irin ɗinkin keke ne mai cin baki, yanka saƙar aka yi da almakashi, guntu-guntu za ki samu, kin yi asara. In kin warware ki naɗe a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan sanyi ki rataye ya bushe, lanƙwasar za ta miƙe.

Zancen talabijin kuwa, dariya na yi har jikata ta leƙo. 'Yata, a zamaninmu abin da mace ta ɗora kan rediyo ko talabijin shi ne abin da ta fi ji da shi, don nan idon baƙo yake fara sauka. Tsumma ba a kai shi can. Ki tambaye ta cikin wasa, kada ki riƙe a ciki.

Hannun suwaitar kuma, in kin koma masa, ki ƙirga layukan wanda kika gama ki bi su, ki riƙa gwada su tare. Hannun mai saƙa yana canjawa cikin shekara biyu, kada malam ya fita da hannu ɗaya ya fi ɗaya.

Ummi Mai Inji, Rijiyar Lemo Kano

Anti sannu da ƙoƙari. Mama ta gama magana kan gyara, ni ta fannin kasuwa zan shigo, tunda kusan duk sati ina Sabon Gari.

Kada a ga laifin mai shago ko ƙanenki. Kaya yana ƙarewa a kawo wani, shi lambar launi ya sani, kuma cikin rumfunan nan ƙwan lantarki ne ko duhu-duhu. Ni ba na biyan kuɗi sai na fito da ulun bakin hanya na duba shi a rana. In aikin babba ne, fakiti guda nake ɗauka wanda ba a farke ba, don na ciki rininsu ɗaya ne. In a buɗe yake sai in bi takardun ɗaya-ɗaya. Ki riƙa ɗaukar hoton takardar a waya, ki kuma soke guda a cikin ledar aikin. Sannan ki yi magana da mai shagon tun farko, in ƙulli ya rage ba ki taɓa shi ba zai karɓa ya canja miki wani launi? Wanda kuka saba da shi ba ya ƙi.

Na san abin da ya sa ake tsuke hannu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, ulun waje irin Alize na Turkiyya sai dai a kalla a wuce, Yeye ɗin da muka saba da shi ma ba kuɗin da ba ne. Amma ƙulli biyun da kika ƙi saya, haɗa kuɗin motar ƙanenki da na direba ki gani ko ba su fi shi ba.

Wani abu kuma, kowane zare a kasuwa ulu ake ce masa. In kina son sanin me kika saya, yanko kamar tsawon yatsa ki riƙe da cokali mai yatsu ki kusanta shi da ashana. Na roba narkewa yake yi, ya yi warin leda, ya bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Na tumaki warin gashi yake yi kamar ana babbakar kai, tokarsa tana murmushewa. Na auduga kuma warin takarda, toka mai laushi.

Sai zancen mai cewa kin huta da kashe kuɗi. Anti, ido 198, layi ɗaya ba zai gaza minti 10 zuwa 12 ba. Santimita 90 da tsinke lamba 4 ya kai layi 270 ko kusa da haka. A ce awa hamsin ke nan kina sunkuye. Ni da inji nake aiki, in da ulu a ƙasa seti guda nake fitarwa a yini, duk da haka sai an yi ta ja da ni kamar tsintowa na yi. Na hannu kam ban san kuɗin da za a yanka masa ba, shi ya sa ban taɓa karɓar aikinsa ba. Masu cewa "ki yi wa ɗana irin wannan" kuma maganinsu ɗaya ne. Ki ce to, ki rubuta musu sunan ulun da yawan ƙullin, ki ce su sayo su kawo. Yawancinsu daga nan shiru kike ji. Wadda ta dawo da leda a hannu, ita ce da gaske take so.

Maman Khalifa, Samaru Zariya

Mama Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Wallahi ban taɓa sanin ana tsintar ido ta gindi ba, na zata in an fara an fara ke nan. Ummi, na ƙona zaren yanzun nan a kicin, narkewa ya yi.

Ungozoma, Funtuwa

Tunda kin ce narkewa ya yi, bari in sa baki, don aikina ke nan shekara da shekaru.

Ulun roba ba laifi ba ne ga jariri, yana da sauƙin wanki, ba ya ƙaiƙayi kamar wani na tumakin, asu ma ba ya cin sa. Amma mai jego a hunturu ba ta rabuwa da kaskon garwashi, wannan zaren kuwa in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Ki faɗa wa ƙanwar taku da bakinki, shawul ɗin ya yi nesa da kasko, kada kuma a shanya shi a kansa don ya yi saurin bushewa. Shi kansa garwashin kada a rufe ɗaki ruf da shi a kwana, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji yana ɗibarsa.

Kin kyauta da kika zaɓi saƙar da ba ta da rami. In kin gama, ki bi duk wutsiyoyin zaren ki soke su ciki da allura sosai, musamman yanzu da za ki yi ɗauri da yawa wurin ratsi. Safa kuma a riƙa juya cikinta a duba kafin a sa. Siririn zare ko gashin uwa yana naɗe ɗan yatsan ƙafar jariri ya shaƙe shi, yaro ya yi ta tsala kuka a rasa dalili, a ce ciwon ciki ne. Hula kada ki sa mata igiyar ɗaurewa a wuya, kada ki liƙa duwatsu ko maɓalli. Kan jaririn da ya cika watanninsa yana kai santimita 33 zuwa 35, ki yi hular ta ɗan gaza haka kaɗan tunda saƙa tana buɗewa. Da irin hannunki, ido 68 ko 70 ya isa.

Kuma don Allah a daina naɗe yaro kamar ƙunshin goro har da rana tsaka. Riga, suwaita, hula, shawul, bargo, sannan a kawo mana shi duk ƙurajen zafi. A taɓa bayan wuyansa, in da gumi a rage. In an kwantar da shi barci, kada shawul ya kai fuskarsa.

In zare ya rage miki, ki yi ƙananan huluna ki kai ɗakin bakwaini na asibitin da ke kusa da ke. Na kasuwa duk sun yi musu yawa, har ido suke rufe musu. Ki fara tambayar ma'aikatan girman da suke so.

Maman Nana, Damagaram

Salamu alaikum 'yar uwa, ina gaida Mama ta Jos. Ni tambayarki ta biyu zan taɓa.

Ina ganin ba mutum kika kasa zaɓa ba, rana kika kasa zaɓa. Biki bashi ne, kowa ya san haka. Ranar suna akwai wadda take zaune tana ƙirga abin da kowa ya kawo, wance turmi, wance jika biyar, wance sabulu, don ran da aka haihu gidanki a mayar miki. To saƙarki a wane layi za a rubuta ta? Da me za a rama? Shi ya sa bakin mata yake kasa yin shiru, ba su san inda za su ajiye ta a lissafi ba.

Ni yadda nake yi, ranar suna ina kai abin da aka saba, ko da sabulu ne da 'yar riga, a rubuta a wuce wurin. Saƙata kuwa ranar barka nake zuwa da ita, ko bayan suna da kwana biyu in an watse, daga ni sai mai jego sai tsohuwar da ke mata wanka. In karɓi jaririn in sa masa hular da hannuna, in naɗe shi, in miƙa mata. Abin da aka riga aka ga yaro a ciki, ba a mayar da shi akwati. A nan nake faɗa mata ta wanke da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, kada ta murɗe, ta shimfiɗa a inuwa, kada dutsen guga ya taɓa shi. Ina kuma ce mata in ya tsufa ya yage wani zan yi, don wasu tsoron lalatawa ne yake sa su adana har yaro ya yi wayo.

Ratsin da Mama ta faɗa, ni dole ta koya min shi. Ulun da nake saye a Kasuwar Dole daga Kano yake zuwa. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, launin da kike so ba shi za ki samu ba, abin da ya rage a shago shi za ki ɗauka. Na tattaro guntayen da ke cikin kwallata na yi ta ratsa su. Har yau akwai masu zuwa su ce irin mai ratsin nan suke so.

Maman Khalifa, Samaru Zariya

Na dawo da labari, yau kwana goma sha takwas. Gefen sama ya kammala, na tsinto idon gindi ranar Lahadi, 197 suka zo kamar yadda Mama ta ce, har na yi dariya ni kaɗai. Sau biyu na zubar da su kafin hannuna ya gane, na ukun na ɗauki tsinke lamba 3 na tsinto da shi sannan na mayar kan lamba 4, ya fi sauƙi. Saura santimita 7. Na shimfiɗa shi a tsakar gida da rana tsaka, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya a wace mujalla na ga samfurin. Hular ma ta fito daga rabin ƙullin nan, da ƙyar, zaren da ya rage bai kai kamu biyu ba.

Maman Nana, shawararki na ɗauka, na riga na ajiye turmi ɗaya na ranar suna. Ungozoma, na kira yarinyar na yi mata zancen kasko, ta ce in faɗa wa Hajiyarsu da kaina don ita ba za ta iya ba.

Facalata kuwa na tambaye ta, muna tsinke zogale, kamar da wasa. Ta ce yatsun yaron ne suke ta shigewa cikin furannin yana ihu, kuma ta ga abin ya fi ƙarfin fitsari. Wai duk wanda ya shigo sai ya tambayi inda ta saya. Kunya ta kama ni, shekara biyu ina ɗauke da abu a rai.

Sai dai akwai wata sabuwa. Ban samu zuwa kasuwa neman ulun ratsi ba saboda jarrabawa, na duba bayan ƙofa na ga ruwan tokar suwaitar Baban Khalifa kaurinsu ɗaya da na shawul, sai na ara. Ya yi kyau ƙwarai. Jiya na auna abin da ya rage, ba zai kai hannun daga gwiwa zuwa wuyan hannu ba, takardarsa kuma tun hunturun farko ta bi shara. Bai sani ba tukuna. Mama, suwaitar namiji babba tana karɓar ratsi a hannu?